Abokin Tafiya a Cikin Farin Daro

Ni Tursunoi ba a taɓa kama ni da ƙarya a unguwarmu ba, kuma wannan ne ya sa abin ya yi muni. Da an san ni da shaci-faɗi, da mutane sun ji abin da na faɗa a kan surukina sun taɓe baki sun wuce. Amma ni ake kira idan za a yi wa mace wankan gawa, ni ake ba ajiyar kayan amarya, saboda haka da na buɗe baki kowa ya karɓa hannu bibbiyu. Shekara ashirin da biyu maganata tana tsaye da ƙafarta. 'Yata Sabohat a kanta ta ɗora rayuwarta kaf. Ta zauna da ni, ita ke dafa mini, ita ke matsa mini ƙafa, ita kaɗai ta rage mini a gidan. Ranar da na gane na yi kuskure, ba tausayin wanda na zalunta ne ya fara zo mini ba, ba zan ɓoye ba. Tsoro ne ya fara zuwa, tsoron kada Sabohat ta ji ta bar ni.

A yarenmu, abokin tafiya shi ne yoldosh. Wanda kuka shiga mota ɗaya zuwa birnin Kokand yoldosh ne. Mace mai kunya ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce yoldosh ɗina. Mabiyiya kuma, wadda ke biyo jariri bayan haihuwa, ita ma sunanta ke nan, tunda tare suka yi tafiyar wata tara. Ko yarinya 'yar shekara goma ta san wannan. Ni kuwa da hannuna na binne ta 'ya'yana biyar a tsakar gida, a wurin da ƙafa ba ta takawa, kamar yadda aka saba.

Sunan surukin nawa Mirzohid. Direban babbar mota ne, yana kai albasa da kankana Rasha, ya yi mako uku ba a gan shi ba. Dogo ne, siriri, magana sai an ciro ta daga bakinsa da ƙugiya. Idan ya zo gidana ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya tsaya a waje ya yi ɗan tari sau biyu don mata su gyara mayafi. Bai taɓa yi mini komai ba. Ni dai ban so shi ba tun farko. Sabohat ce ta ce shi take so, ubanta kuma, Allah ya jiƙansa, ya ce to. Ni kuwa na riƙe a raina cewa namijin da ke kwana a hanya ba a rantsuwa a kansa, na zauna ina jiran ranar da za a ce na faɗa.

A kakar farko bayan bikinsu aka kwashe kowa zuwa tsinkar auduga, kamar kowace shekara. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, tsofaffi irina, ba wanda aka bari sai masu ciki da masu jego. Sabohat tana da ciki wata biyu, tana zaune a gidan uwar mijinta, Mukaddam, layi uku daga namu. Ran nan jikana Doniyor, ɗan babban ɗana, mai shekara uku, ya tashi da jajayen ƙuraje ƙanana a fuska da bayan kunne. 'Yar ja ce, muna ganinta kowace shekara, kwana uku ta wuce. Gidan renon yara suka ce a mayar da shi gida. Motar gona tana ta ƙaho a bakin layi, uwarsa tana kuka wai za a rubuta sunanta cikin waɗanda suka ƙi fita. Na saɓa yaron a kafaɗa na nufi wurin Sabohat.

Mukaddam ce ta tare ni a ƙofa, da buhun tsinka ɗaure a ƙugu.

"Kuda," ta ce mini, don haka iyayen ma'aurata ke kiran juna, "wannan yaron ai ba shi da lafiya. A kai shi wurin mai ciki?"

Na ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ni da ke duk mun yi ta muna yara, ga mu nan kamar jakai. Ko kina ganin jikana zai cinye muku gurasa ne?"

Ta yi dariya ta ce, "Ya cinye har da tanderun." Muka hau mota tare.

Kwana huɗu Doniyor ya yi a wurin Sabohat, tana goya shi, tana share masa hanci da gefen mayafinta. Bayan mako biyu ita ma ta yi ɗan zazzaɓi, ƙuraje suka feso mata a wuya, wasu 'yan kaluluwa suka fito mata a ƙeya. Na dafa mata shayi da zuma, na ce ta rufa da bargo. Kwana uku ta miƙe. Babu wanda ya sake tuna zancen, har ni.

Da bazara ta haihu a asibitin gunduma, saura mako biyar lokacinta ya cika. Namiji ne. Na ga jarirai da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Tafin hannuna biyu ya ishe shi kwanciya. Jikinsa duk ɗigo-ɗigo masu launin inabi, idanunsa kuma da ya buɗe su sai na ga farar yana ta rufe baƙin, irin ta tsofaffi. Wata ma'aikaciya ta yar da tire a kusa da shi, dukanmu muka zabura, shi ko motsi bai yi ba. Leɓensa kan yi shuɗi idan ya yi kuka. Ubansa yana hanya aka aika masa, ya tuƙo kwana biyu ba barci, ya iso ya yi masa kiran salla a kunnen da ba ya ji, ya sa masa suna Umid.

Washegari na tare likitar da ta karɓi haihuwar a bakin ɗakinta. Doguwa ce mai haƙorin zinare, ta gaji har idanunta sun faɗa, rabin maganarta da Rashanci.

Na ce, "'Yata lafiyayya ce, ko ciwon kai ba ta yi. Me ya sami yaron nan?"

"Hola," ta ce, don haka ake kiran mace mai shekaru a wurinmu, "ƙwayar cuta ce ta shige shi tun cikin yana ƙarami. Ta wajen yoldosh ɗinta ta bi. Shi ya fara kamuwa, shi ya kai wa yaron." Sai ta nuna da haɓa can ƙarshen baranda. "Ga shi can. Ke da kanki kin ga yadda ya tsotse. Ko ba a faɗa miki ba kin san wannan ba lafiyayye ba ne."

Na juya na duba. Benci ne guda ɗaya a jikin bango. Mirzohid yana zaune a kai, kai a sunkuye, gemu ya tsiro, kumatu sun lotsa, idanu jajur. A gefensa akwai wani farin daro an rufe shi da ƙyalle. Na ga daron. Allah shaida ne na gan shi, har na san abin da ke ciki, don sun gama dubawa sun miƙo wa dangi su je su binne. Amma idona bai tsaya a kansa ba. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Na ce, "Ita Sabohat ta sani?"

Ta ce, "Yawanci matan ba su ma san lokacin da ta shige su ba." Aka kira ta daga ɗakin haihuwa, ta wuce da sauri, ban sake ganinta ba har yau.

Kwana goma sha ɗaya Umid ya yi a duniya. Ranar da maza suka kai shi makwancinsa, na sa aka ɗauko Sabohat daga asibiti kai tsaye zuwa gidana. Ba ta ci, ba ta magana, nono yana zuba yana jiƙa mata riga. Na zauna a gefenta na faɗa mata abin da likita ta ce, yadda na ji shi. Na ce mijinki ya ɗauko cutar matan hanya ya kawo miki, ita ta cinye yaron. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta juya fuskarta bango.

Da na tsaya a nan, da wataƙila da sauƙi. Amma ranar addu'ar bakwai mata suka cika mini ɗaki, aka shimfiɗa gurasa da shayi, kowa tana ta "Allah ne ya so", "haka aka rubuta". Zuciyata ta ƙi ɗauka. Mukaddam tana zaune a gefen taga da carbinta.

Na ce, "A daina ɗora wa Allah abin da ɗan Adam ya yi. Likita ta faɗa mini da bakinta, daga yoldosh ɗinta cutar ta fito. A tambayi mai mota inda yake kwana tsakanin nan da Rasha."

Mukaddam ta ajiye kofinta a hankali.

"Kuda, ki ji tsoron Allah. Ɗana ko idon mace ba ya iya kallo."

Wata daga baya ta ce, "Ai ba da ido ake yi ba." Wasu suka ƙunshe dariya a mayafi. Mukaddam ta tashi ta nemi takalmanta, ta kasa gane nata a cikin tarin, ta fita da safa kawai. Magana zarar bunu ce. Kafin magariba ta kai kasuwa.

Mirzohid ya riƙa zuwa. Kullum da tsakar rana, lokacin da layi ya yi shiru, sai in ji tarin nan sau biyu a bayan ƙofa. In leƙa ta tsaga in gan shi da gurasa huɗu a ƙunshe cikin ƙyalle.

"Oyi," yakan ce, don uwa yake kirana, "ku bar ni in gan ta, ko daga nesa."

"Ka gan ta ka ƙara mata me? Wanda ka ba ta bai isa ba?"

"Wallahi ban san kowa ba sai ita."

"To daga sama ta faɗo? Ko ka fi likita sani?"

Ba ya iya musu, shi ne babban laifinsa. Yakan ajiye gurasar a kan dakali ya tafi, ni kuma in ba kajin maƙwabta. Na ji labari cewa ranar da na gan shi a bencin asibiti shi ya ɗauki abin da ke cikin daron, ya naɗe a cikin rigar sanyinsa, ya kai gida ya binne a gindin rumman. Da aka faɗa mini sai na ce ai ya kamata, ɓarnarsa ce. Sau ɗaya Sabohat ta fito tsakar gida yana waje. Ta tsaya ta kalli ƙofar, ta ce da ƙarfi yadda zai ji, "Oyi, ku ce masa ya aiko mini da takardata." Wata huɗu ya yi yana zuwa, sannan ya aiko.

Ba wanda zai ba shi 'ya a gundumarmu bayan haka. Mai shagon shayi ya ware masa kofinsa daban. Ya sayar da rabonsa na motar ya tafi Rasha aikin gini. Sabohat kuma ta ƙi kowa. Masu nema sun zo, har da wani mai shagon magani a Kokand, ta ce ta ga abin da maza ke kawowa gida, ya ishe ta. Ban matsa mata ba. In faɗi gaskiya, daɗi na ji. 'Ya'yana maza suka gina nasu gidajen, sauran matan suka yi aure nesa, muka rage ni da ita da inabin tsakar gida.

Shekara tara da tafiyarsa aka dawo da shi a cikin akwatin kwano. An ce daga hawa na shida ya faɗo. Unguwa duk ta je gaisuwa, mu biyu muka rufe ƙofa. Sabohat tana tankaɗen gari aka wuce da shi ta bakin layinmu, ba ta ko ɗaga kai ba.

A makon nan ne na fara jin tarin. Ba da dare ba, ni barcina lafiya lau nake yi. Da tsakar rana ne, lokacin da zafi ya kori kowa ɗaki, ko kare ba ya haushi. Sau biyu, a hankali, a bayan ƙofa. Ranar farko na tashi na buɗe, babu kowa sai ruwa yana gudu a magudanar bakin layi. Na tambayi Sabohat ko ta ji wani abu, ta ce a'a. Na ƙona hayaƙi, na sa aka yi sauka, na canza ƙyauren ƙofar gaba ɗaya. Bai daina ba. Wani lokaci ya yi wata bai zo ba, sai ina cikin gyaran karas in ji shi, wuƙar ta tsaya a hannuna. Haushi ma yake ba ni. Nakan ce a raina, kai da ka yi laifi, kai ne kuma da naci? Shekara goma sha uku muna haka ni da shi.

Doniyor ya girma ya yi aure. Matarsa Nigina, yarinya mai surutu kamar rediyo, ta sami ciki, ranar awonta na farko uwar mijinta ba ta nan, sai aka ce in raka ta. Likitar ƙauyenmu yanzu yarinya ce, sa'ar jikokina, da tabarau. A bangon ɗakinta an manna babban hoton jariri a cikin mahaifa, da igiyar cibiya, da mabiyiya a manne a gefe. Tana ta tambayoyi tana rubutawa, har ta zo kan ko an yi wa Nigina allurar rigakafin 'yar ja.

Nigina ta ce, "An yi mini a makaranta. Na suma ma, sai da aka yayyafa mini ruwa."

Na ce, "Yaran zamani. Har 'yar ja sai an yi mata allura? Abin da ke wucewa a kwana uku."

Likitar ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ga yaron da ke gudu a tsakar gida kwana uku ce, Hola. Ga wanda ke ciki kuwa, idan cikin bai wuce wata uku ba, ba ta wucewa." Ta tashi ta je jikin hoton. "Uwar za ta shaƙa, ta shiga jininta. Ita uwar ɗan zazzaɓi za ta yi, wata ma ba za ta ji komai ba. Amma jinin, nan yake zuwa." Ta ɗora biro a kan mabiyiyar. "Sai cutar ta zauna a nan ta yi gida. Ta toshe ƙananan hanyoyin jini, wurin ya tsotse, abinci ya daina isa ga yaron. Daga nan ta haura ta same shi daidai lokacin da ake ƙera masa ido da kunne da zuciya. Sai a haife shi ɗan mitsitsi, da yana a ido, ba ya ji, zuciya da rami. Wasu jikinsu duk ɗigo-ɗigo."

Na ce, "Kamar launin inabi?"

"Kin taɓa gani ke nan."

"Miji ne ke kawo ta? Irin masu yawon nan?"

Ta yi murmushi. "Ba irin wannan cutar ba ce, Hola. Ta tari ce da majina. Yawanci ƙananan yara ke kawo ta gida."

Na yi mata tambayar ƙarshe. "Idan likita ta ce cuta ta bi ta wajen yoldosh ɗin mace?"

Ta sake buga biron a kan hoton. "Wannan ke nan. Da wa kike zato?"

Nigina ta fashe da dariya. "Kaka ta ɗauka Doniyor ake nufi. Wayyo cikina." Likitar ma ta dara. Ni ma na buɗe baki kamar mai dariya. A idona kuwa benci nake gani, da mutum a zaune, da farin daro a gefensa, da kaina ina saɓe da yaro mai jajayen ƙuraje ina yi wa Mukaddam ba'a a bakin ƙofa.

Mako uku na yi ban faɗa ba. Na ba kaina dalilai iri-iri. Na ce wanda ya mutu ya mutu. Na ce faɗin zai fi yi wa Sabohat ciwo fiye da shirun. Na ce ai likitar nan mai haƙorin zinare ce ba ta yi magana dalla-dalla ba. Duk na san ƙarya ce, ni da ba na ƙarya. Sabohat tana kawo mini shayi in kasa kallon hannunta. Shekararta arba'in da biyu, furfura ta fara fito mata a gaban goshi, ba ta sake ɗaukar jariri ba tun Umid, ko na 'yan'uwanta. Idan na faɗa, me zai hana ta tafi? Idan ta tafi, wa nake da shi? Tarin kuwa yanzu kullum ne, ba fashi, kuma ya daina ba ni haushi.

Ran wata Laraba da hantsi Sabohat tana manna gurasa a tanderu, hannunta cikin safar yadi har gwiwa, fuskarta ta yi ja da wuta. Na zo na tsaya a bayanta, don ba zan iya faɗa tana kallona ba. Na faɗa mata duka, tun daga motar auduga har biron likita. Ban rage komai ba, har da cewa na ga daron.

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da ciro gurasar ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kwando, har ta ƙarshe. Ta cire safar ta ninke.

"Kun gan shi," ta ce. "Daron."

"Na gan shi."

"Kuma ba ku koma kun tambaya ba."

"Ban koma ba."

Ta ɗauki gurasa huɗu ta ƙunshe a ƙyalle. "Ku sa mayafinku, Oyi. Ba ni za ku faɗa wa ba."

Layi uku ne, amma rabona da gidan shekara ashirin da biyu. Mukaddam tana zaune a kan gadon katako a tsakar gida. Ta tsufa fiye da ni, idanunta sun kusa tafiya, 'ya'yanta mata suna zuwa mata bi da bi daga wasu ƙauyuka, ran nan babu kowa. Tsakar gidan ba a share ba, kofuna a zube. Ta karkata kai da ta ji sawunmu.

"Wace ce?"

Na ce, "Ni ce, Kuda. Tursunoi."

"Ban da kuda mai wannan suna. Wa ya mutu?"

Na durƙusa a ƙasa, gwiwoyina suna ƙara, na sake faɗa daga farko. A karo na biyu ya fi wuya, don ita tana wurin ranar, ita ce ma ta ce kada a kai yaron. Na jira ta tuna mini da hakan. Ba ta tuna mini ba. Ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa tana saurare har na gama.

"Sau uku ya je Kokand aka ɗebi jininsa," ta ce. "Sau uku aka ba shi takarda cewa ba shi da komai. Na ce masa ka kai musu, ka manna a ƙofar masallaci. Ya ce, Oyi, uwar Sabohat ba ta ƙarya, kowa ya sani. Idan ta ce likita ta faɗa, to ta faɗa. Wataƙila wani abu ne a jinina da na'urarsu ba ta gani." Ta goge bakinta da gefen mayafi. "Duk wayar da zai yi mini daga Rasha sai ya tambaye ni, wai ko a wurin aski ya ɗauka, ko a kofin wani. Har makon da ya faɗo yana nema. Ɗana ya tafi kabari yana ganin shi ya kashe ɗansa."

A nan ne Sabohat ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, gajere, kamar an taka ta. Ta zauna a ƙasa a gefen gadon ta kifa goshinta a kan ƙafar tsohuwar. Mukaddam ta lalubo kanta, ta shafa gashin, ta tsaya a kan furfurar kamar yatsunta na iya ganinta.

Na ce, "Kuda, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni me kika yi mini? Takalma kawai na bari a gidanki. Je ki nemi mai abin."

Na daɗe a durƙushe, ba wadda ta ce in tashi. Can Sabohat ta miƙe, ta share fuska, ta tattara kofunan ta kai bakin famfo. Ta dawo ta ɗauki tsintsiya a bayan ƙofa, ba ta ko nema ba, ta san inda take. Na tashi da ƙyar na tsaya ina jiranta, ina cewa a raina idan ta gama sharar za mu tafi.

"Ku je gida, Oyi," ta ce, ba ta daina sharar ba. "Akwai miya a tukunya, ku ɗumama. Maganin hawan jininku yana kan taga, ɗaya da safe. Ku ce wa Doniyor ya kawo mini akwatina."

"Sabohat, har yaushe?"

"Ba ta da kowa."

"Ni fa?"

Ta tsaya ta dube ni, karo na farko tun a bakin tanderu. Babu fushi a fuskarta, da akwai da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ku kuna da unguwa duka. Kowa ya yarda da ku."

Shekara biyu ke nan. Na je taron matan unguwa na faɗi abin da ya kamata in faɗa, rabinsu ma ba su san wane ne Mirzohid ba, waɗanda suka yi dariyar ranar kuwa yawancinsu suna ƙasa. Nigina ta haifi 'yarta lafiya, tana aiko mini da abinci idan ta tuna. Sabohat tana can. Nakan gan ta ranar kasuwa, riƙe da hannun Mukaddam, suna tafiya a hankali a gefen inuwa. Idan muka haɗu takan tsaya ta ɗora hannu a ƙirji, ta tambaye ni ƙafata, ta tambaye ni barci, kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa a hanya. Sannan ta ce Allah ya ƙara sauƙi, su wuce.